Allah Ya Ja Zamanin Sarkin Ruɗanin Awo

Ranka ya daɗe, Sarkin Ruɗanin Awo, mai suna goma jiki ɗaya, uban PSI da bar, kakan kilopaskal, mai gida a kan iyaka. Sarakuna da yawa sun yi zamani a ƙasar nan ta Magarya da Dungas. Sosebaki sun yi nasu, Damagaram ta yi nata, Nasara ya zo ya yi nasa ya kama hanya. Kowannensu sai da ya turo dogari ko soja kafin a bi shi. Kai ba ka da dogari, ba ka karɓar haraji da hannunka, amma daga rumfar mai faci a bakin hanyar Dantchiao har ɗakin haihuwa, babu mai tsallake hukuncinka. Dole a yi maka kirari, tunda masu biyan kuɗin mulkinka ko sunanka ba su sani ba.

Abin da ake awo dai guda ɗaya ne: ƙarfin da iska ko ruwa ko jini ke danna abin da ya tare shi. Iskar da ke kan mutum a bakin teku tana danna kowane murabba'in santimita da nauyin da ya ɗan ɗara kilo ɗaya. Wannan abu guda, da ya shigo fadarka, sai ya fito da suna barkatai. Wani ya ce paskal 101,325. Wani ya ce bar 1.013. Likita ya ce milimita 760 na zaiba, Bafaranshe ya yanke sifili ya ce santimita 76, Ba'amurke ya ce inci 29.92, mai taya ya ce PSI 14.7, mai rijiya ya ce tsayin ruwa mita goma da ɗoriya. A cikinsu babu wanda ya yi ƙarya. Nan gwanintarka take. Da gaskiya zalla kake ɓatar da mutane, shi ya sa babu alƙalin da zai kama ka.

Ka kuma iya zaɓen mazauni. Tsakanin 1906 da 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasar nan suna kafa alamun iyaka, daga kogin Kwara har tafkin Cadi. Suka bar Magarya da Dungas a arewa, Baure da Babura da Maigatari a kudu, alhali dangi ɗaya ne, harshe ɗaya, suna aure a junansu. Na arewa suka gaji mita da kilo da bar, na kudu suka gaji inci da laba da galan. Najeriya ta koma tsarin mita a shekarun 1970, zamanin da ta bar fam da sule ta kama naira, amma taya ba ta ji sanarwa ba, har gobe da PSI ake ba ta iska a Kano. Mutumin Dantchiao kuwa makarantarsa da gidan likitansa na Faransanci ne, kasuwarsa da kayan gyaransa na Kano. Da a Pari ko a Landan ka zauna, da a akushi ɗaya za ka ci. A nan biyu ne a gabanka, ga na uku yana shigowa daga Sin a cikin kwali.

Da hantsi a rumfar mai faci kake shan iska. Motar da ta fito daga Amurka, takardar da ke manne a jikin ƙofarta ta ce PSI 32. Wadda ta biyo ta Kwatano daga Turai ta ce bar 2.2. Ta Japan ta ce kilopaskal 220. Tsohon direban da ya koyi mota a Zinder ya ce a sa masa kilo biyu da ƴan kai. Su huɗun abu ɗaya suke nema, domin bar ɗaya PSI 14.5 ne, kilopaskal 100 ne, kilo ɗaya kuma kaɗan ya rage ya cika bar. Yaron da ke riƙe da tiyo da ido ya koyi sana'a wurin ubangidansa. Gejinsa yana da jeri biyu na lambobi, baƙi a waje, ja a ciki, ba a taɓa gaya masa wanne ne wanne ba. Sai ya koma ga awon da ya yarda da shi: ya ƙwanƙwasa taya da ƙarfe, ya saurari ƙara, ya ce ta yi. Madalla da kai! Tun 1849 Eugène Bourdon ya ƙera geji mai tsinke a Faransa, yau shekara fiye da 170, ka maido mu ga kunne.

Akwai wata dabarar taka da ta cancanci guɗa. A gefen kowace taya an rubuta iska mafi yawa da za ta iya ɗauka. Iyaka ce, ba ita motar ke buƙata ba. Amma ita ce lambar da ta fi kusa da ido, sai a cika taya har can, a lafta buhunan gero, fasinja su hau bisa buhuna, a nufi Maigatari ranar Alhamis cikin bazara, ƙasa tana tafasa. Iskar cikin taya tana ƙara matsi in ta ɗumama, wajen kashi ɗaya cikin goma na bar a kowane digiri goma. Wadda aka yi wa rowar iska ita ma ba ta tsira ba, gefenta ya yi ta lanƙwasa yana ɗaukar zafi har ya yage. In ta fashe aka kwashi mutane, za a ce tayar ce tsohuwa, ko direban ne mai gudu, ko kwana ne ya ƙare. Kwana gaskiya ne. Sunanka dai ba zai fito a bakin kowa wurin zaman makoki ba.

Daga nan sai fadama. Ƙasar Magarya tana cikin kwarin Korama, inda ruwa ke kusa, inda rake da albasa da tumatir ke riƙe gidaje in damina ta gaza. Injin ban-ruwa ya karɓi aikin jigo a garake da dama. A jikin kwalinsa akwai lambobi biyu: zurfin da zai iya zuƙo ruwa, wani an sa mita 8, wani ƙafa 26, sai tsayin da zai iya tura shi, mita ashirin da wani abu ko talatin. Mai garka da gaba yake auna rijiyarsa. Ya ga 26, ya ga 30, ya tuna ruwansa bai wuce gaba shida ba, ya sayar da rago ya sayo inji. Inji ya yi ta kuka, bakin tiyo a bushe. Aka ce masa ƙarami ne, ya nemi babba. Babban ma haka.

Abin da ka ɓoye masa an gano shi tun ba a haifi kakan kakansa ba. Masu famfo a Italiya sun lura famfon zuƙa ba ya ɗaga ruwa ya wuce wajen mita goma, komai ƙarfinsa, har Galileo ya ambaci haka a littafinsa na 1638. Almajirinsa Evangelista Torricelli, wajen 1643 a birnin Florence, ya cika bututun gilashi da zaiba ya kifa shi cikin kwano. Zaibar ta sauko ta tsaya a wajen santimita 76, ta bar sarari a sama babu komai cikinsa. Ashe famfo ba jan ruwa yake ba. Iska yake cirewa daga tiyo, sai iskar waje ta danna ruwan rijiya ta tura shi sama, ƙarfinta kuwa yana da iyaka. Zaiba ta fi ruwa nauyi sau 13.6, don haka santimita 76 nata daidai yake da mita 10.3 na ruwa. A 1648 Blaise Pascal ya sa mijin yayarsa, Florin Périer, ya hau dutsen Puy de Dôme da irin bututun nan, zaibar ta ragu da wajen inci uku a ƙololuwa. Wato in ka yi sama, iskar da ke kanka ta ragu. Ƙasarmu tana kimanin mita 400 sama da teku, rabonmu bai ma kai na mutanen bakin ruwa ba. In aka ɗebe abin da ke salwanta cikin tiyo da mahaɗansa, mita bakwai zuwa takwas ne ƙarshen zance. Tsofaffin masu garka sun gane haka da jikinsu, shi ya sa suke haƙa rami a gefen rijiya su saukar da inji ya matso kusa da ruwa. Ilimin Torricelli ne cif, sai dai su da kuɗin rago suka saye shi, alhali layi biyu da Hausa a jikin kwali sun isa. Allah ya ƙara maka basira da ba ka bari an rubuta ba.

A fagen zuƙa sarautarka ta kai maƙura, don a nan har sifili ka raba biyu. Wani geji yana kiran iskar da muke shaƙa sifili, ya riƙa lissafin abin da aka cire, lambarsa tana hawa iska tana ƙarewa. Wani yana farawa daga inda babu iska ko kaɗan, ya riƙa lissafin abin da ya rage, lambarsa tana sauka. Zuƙa ɗaya a bakin teku, wannan ya ce milimita 600, wancan ya ce tor 160, na Turai ya ce bar 0.8 da alamar ragi a gaba, na Amurka ya ce inci 23.6, na Sin ya ce megapaskal 0.08. A wannan babbar lamba ce alheri, a wancan ƙarama.

Mai gyaran firji a Magarya ko Zinder ya san ɗacin wannan. Da shi masu ƙanƙara ke dogara a watan azumi, da shi ake dogara wajen ajiye allurar rigakafi. Kafin ya ɗura gas dole ya zuƙe iska da danshi daga bututun firji. Littattafan sana'ar na Amurka sun ce a kai maikiron 500, inci ɗaya na zaiba kuwa maikiron 25,400 ne. Gejin hannunsa ya matse sifili zuwa inci 30 a ɗan lungun da bai fi faɗin yatsa biyu ba, kaurin tsinken kansa ya rufe dubban maikiron. Ƙari a kan haka, a tudun ƙasarmu tsinken ba zai taɓa kai 30 ba, wajen 28 da rabi zai tsaya ko da injin zuƙar sabo ne fil. Sai ya zargi injinsa mai lafiya, ko ya gamsu da aikin da bai ƙare ba. Danshin da ya rage ya daskare a siririn bututu ya toshe shi, bayan ƴan watanni firji ya tsaya, gari ya ɗauka mai gyara bai iya ba.

Duk wannan wasan yara ne a kan abin da kake yi a gidan likita.

A 1828 Poiseuille na Faransa ya auna matsin jini da bututun zaiba. A 1896 Riva-Rocci na Italiya ya kawo ɗamarar da ake ɗaurawa a dantse, a 1905 Korotkoff na Rasha ya nuna yadda ake saurarar bugun jini a ƙarƙashinta. Duniya ta tsaya a kan milimita, 120 bisa 80. Bakin likitan Faransa kuwa ya saba da santimita, 12 bisa 8, mu kuma muka gaje shi. Dattijon da aka ce wa a likitar garinsu tansiyonsa, wato matsin jininsa, 17 ne, ya je wurin ɗansa a Kano, injin kemis ya nuna 170, hankalinsa ya tashi, ya ɗauka ciwon ya ninka goma. Wannan mai sauƙi ne. Mai munin shi ne in tafiyar daga kudu ta faro: an ce masa 170 a Kano an ɗora shi a kan magani, ya dawo gida aka ce 17, ya yi hamdala ya ajiye magani a bayan tukunya. Hawan jini ba ya yin sallama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce manya fiye da biliyan ɗaya ke ɗauke da shi, kusan rabinsu ba su sani ba. Wanda ya yi sa'a aka auna shi ya sani, shi kuma ka tare shi da sifili guda, har ranar da zai wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye.

Mai ciki kuwa, 140 bisa 90 ne layin da ake fara fargabar jijjiga, 160 bisa 110 gaggawa ce. Yarinyar da aka auro daga Babura, ta tafi gida goyon ciki, katin awonta ya ƙetare iyaka ya dawo: shafi ɗaya 14/9, na gaba 145/95. Ma'aikacin lafiya ya san harshen biyu. Ita da mijinta da uwarta ba su sani ba, su ne kuwa za su yanke ko a nemi mota da tsakar dare ko a bari sai gari ya waye. Santimita kuma tana haɗiye bambanci. A bakin mai gaggawa 136 da 144 duk 14 ne, alhali ɗaya yana ƙasa da layi, ɗaya ya haye. Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta sa ana janye na'urorin zaiba daga asibitoci saboda gubarta. Zaibar ta tafi, sunanta ya zauna daram a kan inji mai batir da ko ɗigonta babu cikinsa. Gadonka ba ya bin gawa.

In damina ta yi nisa, zazzaɓin cizon sauro da tamowa suka haɗu, yara ɗaruruwa ake kwantarwa a Magarya, inda likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ke aiki tun 2005. Daga Dantchiao da Bande da Wacha da Kwaya ake kawo su, da yawansu numfashi yana yi musu wuya. Masu jinyarsu mutane ne da suka cancanci addu'a, kuma irinsu a ko'ina cikin ƙasashen nan biyu da na'urorin ƙasashe barkatai suke aiki. Tukunyar iskar oksijin cikakkiya tana ɗauke da wajen bar 150. A gejin Amurka PSI 2,175 ke nan, a na Sin megapaskal 15. To, tsinke yana kan 150. In bar ne, tukunya cike take. In PSI ne, bar goma kacal ya rage, ta kusa ƙarewa. Tsinke yana kan 15. In megapaskal ne cike take, in bar ne saura kashi ɗaya cikin goma. Wanda zai raka yaro a motar asibiti daga ƙauye zuwa Magarya, ko daga Magarya zuwa Zinder, tafiyar kimanin kilomita 90, shi ka bar wa karatun ƙananan baƙaƙen da ke ƙasan tsinke, cikin dare, mota tana girgiza.

Amma lambar da ka fi ƙauna ita ce 80. Jariri sabon haihuwa da majina ta toshe wa hanci da baki, ƙa'idar masu farfaɗo da jarirai ta ce a zuƙe da ƙarfin milimita 80 zuwa 100 na zaiba, kada a wuce. A wannan ɗakin dai, in naƙuda ta yi tsawo aka buƙaci kofin zuƙa da ake manna wa kan jariri a jawo shi, littafin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce a fara da kilo 0.2 a kan murabba'in santimita, a ƙara zuwa 0.8. Kilo 0.8 kuwa kusan kilopaskal 80 ne, wato kusan milimita 600, domin kilopaskal ɗaya milimita bakwai da rabi ne. Ga 80 ta share hancin jariri, ga 80 ta jawo kansa daga ƙugun uwarsa. Ɗaya ta ninka ɗaya sau bakwai da rabi, abin da ya raba su baƙaƙe uku ne ko huɗu, ƙanana, a ƙasan gilashin da ƙura ta rufe. Ungozomar da aka koyar da milimita a makaranta, aka kawo mata inji mai kilopaskal, littafinsa da Sinanci da Ingilishi, ita kaɗai a bakin aiki, wasu matan suna nishi a waje, ita ka ɗora wa lissafi. Akasarinsu suna yin daidai, da hankalinsu da tsoron Allahnsu, ba da taimakon kowa ba. Ni abin nan yana ƙona mini rai, a ce numfashin farko na ɗan mutum ya rataya a kan ko mace mai gajiya ta hango baƙaƙe uku da ƙarfe ukun dare. A rajistar asibiti akwai gurbin zazzaɓi, akwai na zubar jini, akwai na shaƙewa. Naka babu. Sarki ke nan, a yi ɓarna da yawunsa a rubuta sunan wani.

Manyan duniya sun yi yunƙurin tuɓe ka. A 1875 ƙasashe 17 suka sa hannu a kan Yarjejeniyar Mita a Pari, a 1960 aka kafa tsarin ma'aunai na duniya, SI, a 1971 babban taron ma'aunai karo na 14 ya naɗa paskal ma'aunin matsi na duniya. Sai ga wanda aka naɗa ɗin ƙanƙane ne ainun, tayar babur kaɗai sai ta ci dubu ɗari biyu nasa. Aka haifa masa kilopaskal da hektopaskal da megapaskal, ba a kuwa binne bar ko PSI ko inci ba. An zo rage maka suna, aka ƙara maka huɗu.

Sarki sai da fadawa, kai kuwa Allah ya ba ka masu biyayya. Ga masana'antar da ke buga geji da ma'aunin babbar kasuwarta, ta turo mana abin da ya rage. Ga attajirin da ke shigo da kaya kwantena-kwantena, bai taɓa biyan a fassara shafi ɗaya ba. Mai kyauta daga ƙetare ma naka ne ba da saninsa ba, da zuciya ɗaya ya aiko da inji, ya manta ya tambaya da wane ma'auni aka koyar da wadda za ta kunna shi. Makaranta tana sa yaro ya haddace paskal da Faransanci don jarrabawa, ba ta kai shi rumfar mai faci da ke bayan katangarta ya ga paskal yana aiki. Akwai hukumomin da aikinsu ne kula da ingancin kaya da ƙa'idojin awo, ANMC a Yamai, SON a Najeriya, amma tsakanin Yamai da Dantchiao kusan kilomita 1,000 ne, geji kuwa a bayan babur yake shigowa. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar. Kada hankalinka ya tashi, ranka ya daɗe. Kundi yana Yamai, kwali yana kasuwa.

Fadawan nan suna da amsa a shirye: wai mutanen ne ba su yi boko ba. Ita kaɗai ce ƙaryar da ke cikin daularka. Matar da ke sayar da ƙuli-ƙuli a kasuwar kan iyaka tana ƙirga kuɗi da dala, kowace dala sefa biyar, ta haɗa su jika, ta juya su naira a farashin ranar wanda ba na jiya ba ne, ba alƙalami ba takarda, kuma ba ka isa ka cuce ta ko dala ɗaya ba. Bar ɗaya PSI 14.5 ne bara, haka bana, haka baɗi, ba ya hawa ba ya sauka. Mai iya wancan lissafi, wannan ba zai gagare ta ba. Ba a gaya mata ba ne kawai. A kasuwar hatsi, in mai awo ya zo da tiya biyu, babba ta saye, ƙarama ta sayarwa, kafin la'asar an gurfanar da shi gaban sarkin kasuwa, malamai kuma su tuna masa cewa sura guda Allah ya saukar a kan masu tauye awo. Kai tiya goma kake yawo da su, a kan jini da numfashi, an sa maka gilashi an rataye ka a bango.

Inda aka ɗauki rai da tsada, an san yadda ake taka maka burki. Matuƙin jirgin sama yana saita na'urar tsayinsa da matsin iskar filin da zai sauka. Amurka da inci take faɗa, yawancin duniya da hektopaskal. In hasumiyar filin jirgi ta ce 992 tana nufin hektopaskal, matuƙin da ya saba da inci ya saita 29.92, zai kasance ƙasa da inda yake zato da kusan ƙafa 600. Shi ya sa ƙa'idar rediyon jirage a Ingila ta wajabta a furta sunan ma'aunin duk lokacin da lambar ta gaza 1000. Kalma guda aka tilasta, ƙofa ta rufe. Ka haƙura da sama, ranka ya daɗe, ƙasa ta ishe ka. Jaririn Dantchiao ba shi da hasumiya.

Sai dai ka sa ido, don maƙiyanka ba su da tsada. Kada wani magajin gari ya sa a ɗauki fenti a rubuta a bangon rumfar mai faci cewa bar 2 PSI 29 ne, bar 2.5 PSI 36, bar 3 PSI 43 da rabi, kuma a auna taya da safe tana da sanyi. Kada rediyon gari ta ba da minti biyar ta gaya wa tsofaffi da masu ciki cewa 14/9 da 140/90 abu ɗaya ne, sifili aka ƙara. Ka hana mai sayar da injin ban-ruwa a Kano ya ce wa mai saye, Malam, in ruwanka ya wuce gaba huɗu daga inda inji zai zauna, riƙe kuɗinka. Ka yi duk yadda za ka yi kada shugaban likita na gunduma ya wajabta rubuta sunan ma'auni a gefen kowace lamba da ke hawa kati. Waɗannan duk suna buƙatar taro ko sa hannun wani, kana da lokaci. Wadda ya kamata ka ji tsoro ita ce shugabar ungozomomin da wata rana za ta ciro jan farce, ta ja layi a kan gilashin injin zuƙa daidai kilopaskal 13, ta rubuta da Hausa a ƙasa cewa jariri ba ya wuce nan. Ita ba ta jiran izini daga Yamai, kuma kwalbar tana cikin jakarta.